Rawar Zarra da Gushewar Turjiya a Cikin Bututun Kabon



Duk wanda ya taɓa kama wayar dutsen guga bayan an daɗe ana guga da shi ya san cewa waya takan ɗauki zafi. Wannan zafi kuwa asara ce tsagwaronta, domin wani kaso ne na wutar lantarkin da aka biya kuɗinta ya tsiyaye a hanya, bai kai inda aka aike shi ba. Haka abin ya ke tun daga 'yar wayar da ke cikin ɗaki har zuwa manyan wayoyin da su ke ɗauko wuta daga Kainji. Abin da ke jawo wannan asara shi masana su ke kira turjiya, watau ƙin ba da hanya da ƙarfe ya ke yi wa wutar da ke bi ta cikinsa. Akwai kuma wani hali da waɗansu abubuwa su ke shiga idan sanyi ya kai matuƙa, inda turjiyar takan gushe ƙaf, har wutar da aka saka cikin zoben waya ta yi ta kewayawa shekara da shekaru ba tare da batir ba. A wannan lacca za a riƙa kiran wannan hali gushewar turjiya.

Abin da za a bi diddiginsa wani al'amari ne mai kama da almara. Abin da ke haddasa turjiya shi ne kuma ya ke kawar da ita, watau rawar da ƙwayoyin zarra su ke yi a mazauninsu. Za a duba yadda wannan rawa ta ke aiki a cikin ƙarafa na yau da kullum, sa'an nan a bi ta zuwa cikin wata waya wadda ido ba ya gani don siranta, bututun kabon, inda har yau masana ba su gama jayayya game da abin da ta ke yi ba.

Rawar zarra a cikin ƙarfe

Ƙwayoyin zarra a cikin ƙarfe ba a watse su ke ba kamar tsakuwa a bakin rafi. A jere su ke sahu-sahu, kowace da mazauninta, kamar zaren tsaye da na kwance a hannun masaƙi. A tsakanin waɗannan sahu ne ƙwayoyin lantarki, waɗanda a ke kira ilaktiron, su ke yawo, kuma tafiyarsu gaba ɗaya ta fuska guda ita ce wutar lantarki. Tun a 1928 Felix Bloch ya nuna da lissafi cewa da a ce sahun a miƙe ya ke sarai, kuma kowace zarra tana tsaye cik, da ilaktiron ya ratsa ƙarfe daga wannan baki zuwa wancan ba tare da ya yi karo da kome ba. To, amma zarra ba ta tsayawa cik. Kullum cikin kaɗawa ta ke, kuma abin da hannu ya ke ji a ce zafi ne ba wani abu ba ne illa yawan wannan kaɗawa. Tun da ya ke kowace zarra a ɗaure ta ke da maƙwabtanta, idan ɗaya ta motsa sai ta ja ta kusa da ita, motsin ya yi ta bi kamar yadda fatar ganga ta ke amsawa gaba ɗayanta idan an doki gefe guda. Wannan motsi yana zuwa ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da iyakacin ƙarfinsa, kuma ƙulli ɗaya shi a ke kira fonon. Ilaktiron yana cikin gudu sai ya ci karo da fonon, ya kauce hanya, ya bar wani abu daga ƙarfinsa a cikin saƙar. Turjiya ke nan, kuma dalilin da ya sa takan ƙaru idan waya ta yi zafi ke nan.

Kafin a ci gaba ya kamata a san ma'aunin da za a yi ta ambata. Masana suna ƙidaya sanyi da ma'aunin Kelbin, wanda sifirinsa ya ke digiri 273 ƙasa da inda ruwa ya ke daskarewa, kuma babu sanyin da ya wuce nan. Ranar bazara a Sakkwato mai digiri 40 ta zama 313 a wannan ma'auni.

A 1908 Heike Kamerlingh Onnes na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan ya mai da iskar hiliyam ruwa, ya samu sanyin da ba a taɓa samu ba. A 1911 ya tsoma zaiba a cikin wannan sanyi yana auna turjiyarta, da aka kai digiri 4.2 sai turjiyar ta ɓace farat ɗaya. A 1933 kuma Walther Meissner da Robert Ochsenfeld suka gano a Jamus cewa abin da ya shiga wannan hali yakan kori ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa, kuma wannan ita ce alama ta biyu da a ke nema har gobe kafin a yarda da duk wanda ya ce ya ga gushewar turjiya.

Shekara kusan arba'in aka yi ba a san dalili ba, ko da ya ke akwai wata alama a fili wadda aka daɗe ana kallo. Tagulla da azurfa da zinariya, waɗanda suka fi kowane ƙarfe ba wuta hanya a zafin ɗaki, turjiyarsu ba ta gushewa kome sanyin da aka kai su. Sai ga darma, wadda ba mai yin wayar gida da ita, tana gushe tata a digiri 7.2, kuza a 3.7. Haka nan niyobiyam, wanda a ke samu daga kwalambait irin wanda Nijeriya ta yi fice wajen haƙowa a tsaunukan Jos cikin shekarun 1950, yana gushe tasa a 9.2, kuma da gaminsa a ke naɗa wayar maganaɗisun manyan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki na asibiti. Watau ƙarafan da rawar zarra ta fi damun ilaktiron a cikinsu su ne su ke kai wa ga wannan daraja, masu sauƙin hali kuwa ba su kai ba.

Shaidar da ta warware ƙullin ta zo a 1950 daga Amurka. Zaiba tana da ire-ire waɗanda halinsu ɗaya ne amma wani ya ɗara wani nauyi. Emanuel Maxwell, da kuma waɗansu masana na Jami'ar Rutgers, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka ga cewa irin da ya fi nauyi sai an ƙara masa sanyi kafin turjiyarsa ta gushe. Makaɗin molo ya san cewa tsirkiya mai kauri ta fi siririya jinkirin kaɗawa. Ilaktiron bai damu da nauyin zarra ba, rawarta ce kawai nauyi ya ke canzawa, saboda haka lalle rawar tana da hannu a cikin al'amarin. A wannan shekara ce kuma Herbert Fröhlich ya kai ga wannan ra'ayi ta hanyar lissafi. Leon Cooper ya ƙara mataki a 1956, sa'an nan a 1957 shi da John Bardeen da Robert Schrieffer suka kammala bayanin a Jami'ar Illinois, aka ba su kyautar Nobel a 1972.

Ga yadda bayanin ya ke. Ilaktiron biyu abokan gaba ne, domin cajinsu iri ɗaya ne, kowane yana ture ɗan'uwansa. Amma gangar jikin zarra cajinta kishiyar nasu ne, don haka idan ilaktiron ya wuce yakan jawo zarra na dama da hagu su ɗan sunkuyo wajensa. Shi mai sauri ne ƙwarai, su kuwa masu nauyi ne, kafin su koma mazauninsu ya riga ya yi nisa. Mutumin da ya keta gamba yakan bar ta a kwance na ɗan lokaci, wanda ya zo bayansa sai ya tarar da hanya a buɗe ya bi, alhali kuwa bai ga na farkon ba. Haka ilaktiron na biyu ya ke faɗawa cikin sawun na farko. Sirrin abin yana cikin jinkirin nan, gama da a lokaci ɗaya suka iso da ƙiyayyarsu ta rinjaya. Ta haka su ke zama tagwaye, saƙar zarra tana matsayin ɗan aike a tsakaninsu. Daɗin daɗawa, tagwayen nan dukansu sukan ɗauki taki ɗaya, ta yadda ba a iya karkatar da guda sai an biya ƙarfin da zai raba shi da abokinsa, ƙananan fonon na cikin tsananin sanyi kuwa ba su da wannan ƙarfi. Da zafi ya ƙaru sai rawar da ta ƙulla auren ta koma ta kashe shi.

Daga wannan bayani aka fahimci inda ya kamata a nema. Ana son zarra maras nauyi, mai ɗauri mai ƙarfi, mai saurin kaɗawa. Nauyin zarrar darma 207 ne, na zaiba kimanin 200, na kabon kuwa 12 kacal, kuma ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon yana cikin mafiya ƙarfi da aka sani.

Tabarmar da aka naɗe

Kabon shi ne asalin gawayi da lu'ulu'u da baƙin abin nan da ke cikin fensir. Na cikin fensir shimfiɗa-shimfiɗa ne a kan juna, kowace shimfiɗa kaurin zarra ɗaya, an saƙa ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Idan aka ɗauki shimfiɗa ɗaya aka naɗe ta har bakinta biyu suka haɗu, an sami bututun kabon. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan shi ya bayyana masu bango da yawa a 1991, ko da ya ke waɗansu masana na Rasha sun ɗauki hoton irinsu tun 1952 ba a kula ba. Masu bango ɗaya sun biyo baya a 1993. Faɗin irin wannan bututu kimanin nanomita ɗaya ne, watau kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, sai an jera dubu hamsin ko fiye kafin su kai kaurin silin gashi.

Tabarma ana iya naɗe ta a miƙe, ana kuma iya naɗe ta a karkace. A 1992 aka nuna cewa wannan karkata ita ke yanke hukuncin halin bututu, kimanin ɗaya cikin uku yana ɗaukar wuta kamar ƙarfe, sauran kuwa sai an taimaka musu. Masu halin ƙarfe su ne abin magana a nan.

Rawar wannan bututu iri-iri ce, amma biyu suka fi shafar batun. Ta farko ita ce ja-in-ja tsakanin zarra da maƙwabciyarta, wadda ta ke maimaituwa kimanin sau tiriliyan 47 a daƙiƙa guda. Ta biyu kuwa bututu kaɗai ke da ita, shimfiɗa ba ta da ita: bututun gaba ɗayansa yana kumbura yana motsewa kamar ƙirjin mai barci, don haka a ke kiranta numfashi. Gwargwadon ƙanƙantar bututu gwargwadon saurin numfashinsa. Ana jin waɗannan kaɗe-kaɗe ta hanyar da C. V. Raman ya gano a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1928, watau a haska abu, a auna ɗan canjin launin da hasken ya dawo da shi. Ta wannan hanya a ke sanin faɗin bututu daga numfashinsa, kuma ta nan aka ga cewa a bututu mai halin ƙarfe ɗaya daga cikin rawar ja-in-ja takan yi sanyi ta dushe, domin ilaktiron suna shanye ƙarfinta. Tasirin ke nan ta fuska biyu ya ke tafiya.

Idan aka tura wuta a hankali, ilaktiron yakan yi tafiyar kimanin nanomita dubu a zafin ɗaki bai yi karo ba, abin da ya ninka na tagulla sau da yawa. Amma a shekarar 2000 Zhen Yao da Charles Kane da Cees Dekker suka nuna a Delft ta Holan cewa kome aka ƙara matsa wa bututu ɗaya, wutar da ya ke ɗauka takan tsaya a wajen kashi 25 cikin miliyan na amfiya. Dalili kuwa, da zarar ilaktiron ya tara ƙarfin da ya isa tayar da rawar ja-in-ja, nan take ya ke tayar da ita ya juyo baya, tafiyarsa ta ragu zuwa nanomita goma ko goma sha biyar. Wannan ya tabbatar da cewa ilaktiron da fonon suna riƙe da juna gam a cikin bututu. Saura tambaya guda, ko wannan riƙo zai ƙulla tagwaye?

Tafiya a burtali

Mai sauraro zai iya cewa ai an gama, ga zarra maras nauyi, ga riƙo mai ƙarfi. Matsalar ita ce bututu hanya ce mai tsawo kawai, ba faɗi ba zurfi, kuma dokokin irin wannan hanya daban su ke.

Shanu a fili kowace saniya tana iya kewaye 'yar'uwarta. A burtali kuwa ba wuce-ni, idan ta gaba ta tsaya duk garke ya tsaya, idan ta baya ta tunkuɗa turin sai ya kai har gaba. Haka ilaktiron su ke a cikin bututu. Ƙiyayyar da ke tsakaninsu, wadda a cikin dunƙulen ƙarfe taron jama'a ya ke dusashe ta, a nan tsirara ta ke, har ba a iya maganar ilaktiron ɗaya sai dai motsin garke. Sin-itiro Tomonaga a 1950 da Joaquin Luttinger a 1963 suka yi lissafin wannan hali, kuma a 1999 aka ga alamunsa a bututun kabon. Ɗan aiken da zai sasanta abokan gaba a irin wannan matsi aikinsa ya ninku.

Ko da an ƙulla tagwayen, akwai sauran rina a kaba. An ce sai dukansu sun ɗauki taki ɗaya. A cikin dunƙule, idan takin ya ɓaci a wani lungu sai wuta ta kewaye lungun. A siririyar hanya kuwa ɓaci a wuri ɗaya ya yanke gaba da baya, kuma zafi kome ƙanƙantarsa yana iya jawo irin wannan ɓaci lokaci-lokaci. Tun cikin shekarun 1960 lissafi ya tabbatar da cewa cikakkiyar gushewar turjiya ba ta zama daram a kan layi ɗaya tak, abin da a ke samu shi ne turjiya mai raguwa sannu a hankali.

Cikas na uku shi ya fi ban sha'awa, domin daga rawar kanta ya ke fitowa. Rudolf Peierls ya bayyana a littafinsa na 1955 cewa jerin zarra masu tazara daidai-wa-daida a kan layi ɗaya ba ya son zama haka idan an yi sanyi. Ilaktiron sukan sami sauƙi idan zarra suka matso biyu-biyu suka bar giɓi a tsakani. A ɗauki misalin duwatsun da aka jera a rafi don tsallakawa: muddin tazararsu ɗaya ce yaro ma yana haye su, amma idan aka haɗa su biyu-biyu, giɓin da ya rage ya fi ƙarfin taki. Wannan matsowa wata rawa ce wadda ta yi ta sanyi har ta daskare a wuri ɗaya, kuma idan ta auku ƙarfe ya tashi daga mai ɗaukar wuta ya koma mai hana ta. Watau riƙon nan na ilaktiron da fonon yana da ƙofa biyu, ɗaya ta kai ga turjiyar da ta gushe, ɗaya ta kai ga toshewar hanya gaba ɗaya, kuma wadda aka fara isa gare ta yayin da a ke sauka cikin sanyi ita ke ci. Tarihi ya riga ya ba da darasi a kan wannan. A 1964 William Little na Jami'ar Stanford ya kawo shawarar cewa dogayen sarƙoƙi na kabon za su iya gushe turjiya har a zafin ɗaki. A 1973 waɗansu masana a Jami'ar Pennsylvania suka zaci sun ga somin-taɓin haka a wani gishiri mai jerin sarƙoƙi, a wajen digiri 60, daga baya ta bayyana cewa ƙofar Peierls ce abin ya dosa.

Bututun kabon na yau da kullum ya tsira daga wannan tarko, kamar yadda John Mintmire da abokan aikinsa suka lissafa a 1992, domin kafin a karkatar da shi sai an motsa dukan zarra da ke kewaye da cikinsa, alhali ilaktiron kaɗan ne za su amfana. Sai dai wannan dalili da ya cece shi shi ne kuma ya raunana ƙullin tagwaye a cikinsa. A 1995 masana a Berkeley suka nuna cewa lanƙwasa shimfiɗar kabon sosai yana buɗe wa ilaktiron sababbin hanyoyin riƙe fonon, kuma akwai abin da ya goyi bayansu, domin 'yan ƙwallayen kabon masu zarra 60 da aka gauraya da fotashiyam sun gushe turjiya a digiri 18 tun a 1991. Saboda haka a rage faɗin bututu a sami riƙo mai ƙarfi, amma ƙofofin nan biyu tare su ke buɗewa.

Abin da gwaji ya nuna

A 2001 rahoto biyu suka fito. Na farko daga Orsay kusa da Paris, a ɗakin gwajin Hélène Bouchiat, inda Mathieu Kociak da Alik Kasumov da sauransu suka rataya igiyoyin bututu, kowace igiya ɗaruruwan bututu ne a manne da juna, tsakanin ƙarafa biyu waɗanda su kansu ba su gushe turjiya. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin a 1999 sun riga sun ga bututu yana aron wannan hali daga ƙarfen da aka jona shi da shi, aro kuwa ba mallaka ba ne. A igiya ɗaya turjiya ta faɗi ninki ɗari ƙasa da digiri 0.55, kuma maganaɗisu mai ƙarfi ko wuta mai yawa sun mai da ita yadda ta ke, kamar yadda a ke tsammani. Rabin digiri ba abin da injiniya zai yi murna da shi ba ne, amma ma'anarsa babba ce. A cikin igiya bututu suna dusashe wa juna ƙiyayyar ilaktiron, tagwaye kuma suna iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan su kewaye inda taki ya ɓaci. Burtali ɗaya ya kasa, burtali ɗari a gefen juna sun soma zama fili.

Rahoto na biyu ya fito daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, daga Zikang Tang da Ping Sheng da abokan aikinsu. Su sun shuka bututun ne a cikin ramukan wani dutse mai ƙofofi a jere da a ke kira ziyolait, ramukan kuwa don ƙuncinsu ba su bar bututu ya wuce nanomita 0.4 ba, kusan iyakar ƙanƙantar da kabon zai jure. Suka ba da labarin korar maganaɗisu da sauran alamu daga digiri 15 zuwa ƙasa, suna shigowa sannu a hankali irin na hanya mai layi ɗaya. Ninki kusan talatin ke nan a kan na Orsay, kuma ya dace da zancen lanƙwasa.

Nan fa masu lissafi suka shiga. A 2004 da 2005 ƙungiyoyi biyu, ɗaya da masana na Karlsruhe a Jamus, ɗaya ta Damien Connétable da Xavier Blase da abokansu a Faransa da Beljiyam, suka lissafa rawar waɗannan ƙananan bututu tun daga tushe. Suka tarar riƙon ya ƙaru ƙwarai kamar yadda aka zata, amma ƙofar Peierls ce ta ke buɗewa tun a kusa da zafin ɗaki. In haka ne, bututun ya daɗe da toshewa kafin a sauko digiri 15, to me aka gani a Hong Kong? Waɗansu masana na Harvard kuma suka amsa a 2005 cewa idan an saka ƙiyayyar ilaktiron a cikin lissafin yadda ya kamata, a wani irin bututu ta fi cutar da Peierls bisa ga yadda ta ke cutar da tagwaye, watau abokin gaba ɗaya ya kayar da ɗayan. Akwai kuma bangon dutsen, wanda ya ke riƙe da bututu ta kowane gefe, lissafin bututu tsirara bai san da shi ba. Mutanen Hong Kong ba su ja da baya ba, a 2009 da 2010 suka kawo awon yadda abin ya ke shan zafi da kuma faɗuwar turjiya mai kaifi a wajen digiri 7, suka fassara ta da cewa a nan ne bututu maƙwabta su ke haɗa taki ta cikin bangon.

A Japan kuma ƙungiyar Junji Haruyama ta Jami'ar Aoyama Gakuin ta ba da rahoton digiri 12 a 2006 a bututu masu bango da yawa, amma sai idan an jona kowane bango da ƙarfe. A 2008 suka sake samun digiri 12 a bututun da aka sa wa 'yar zarrar boron da gangan, abin da ya sa dole a yi tambaya ko kabon ne ya yi aikin ko baƙon da ke cikinsa, tun da ya ke lu'ulu'u ma da aka sa masa boron ya gushe turjiya a wajen digiri 4 a 2004.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da nauyin waɗannan shaidu. Gushewar turjiyar darma kowane ɗakin gwaji mai ruwan hiliyam yana iya maimaita ta gobe da safe. Ta bututun kabon kuwa yawancin shaidarta daga ɗakunan nan uku ta fito, a kan samfura waɗanda yinsu ke da wuya, kuma kowane ɗaki da nasa adadi. Wannan bai mai da ita ƙarya ba, amma ma'aikacin da aka kawo wa takardar neman kuɗi da alkawarin wayar kabon maras asara yana da hujjar ajiye alƙalami ya nemi ƙarin bayani. Zaren da a ke kaɗawa daga bututun kabon yana da ƙarfi da rashin nauyi, sai dai a zafin ɗaki turjiyarsa ba ta gushe ba.

Game da ko rawar zarra ce ɗan aiken a nan ma, gwajin da ya fi kusa da ba da amsa kai tsaye an yi shi ne a Orsay a 2006. A zaiba an canza nauyin zarra aka ga sakamako, a ƙwallayen kabon ma an yi haka da kabon mai nauyin 13 aka ga digirin ya sauko. Meydi Ferrier da sauran abokan aiki sai suka bi wata hanya. Suka ɗauki igiyar bututu a rataye wadda turjiyarta ta ke faɗuwa ƙasa da digiri 0.3, suka riƙa shafa mata wani abu mai kama da danƙo kaɗan-kaɗan. Turjiyarta ta yau da kullum ba ta canza da fiye da kashi 20 cikin 100 ba, alamar cewa hanyar ilaktiron tana nan lafiya, amma faɗuwar turjiyar ta yi ta dushewa gwargwadon shafin. Da suka haska irin waɗannan bututu ta hanyar Raman sai suka tarar rawar numfashi ce shafin ya danne, kamar yadda makaɗi ya ke ɗora tafin hannu a kan fatar ganga amo ya mutu. Daga nan suka yi hukunci cewa a cikin igiya, numfashin bututu shi ne ya ke ƙulla tagwayen.